Wanda Ya Taɓa Birki Shi Zai Fara Hawa

Funtua,
Litinin, 20 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Malam Adam Bakanike, Malumfashi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Mama Dorkas da sauran iyali. Mu nan sai godiya, damina ta yi kyau, masara ta bushe a kara.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga gare ni bayan shekara ashirin da huɗu. Ni ne Maiwada, wanda ya zauna garejinka shekara uku. Yanzu Alhaji ake ce mani. Ina da shagon hatsi biyu a kasuwa, da gona a Maska, da a-kori-kura tawa ta kaina. Ban faɗi don alfahari ba, na faɗa ne don ka san ba roƙo ya kawo ni ba. Duk abin da na samu da guminna na same shi.

Maganar motar ce. In na taka birki sai sitiyari ya kama rawa a hannuna kamar mai zazzaɓi. Sau biyu wani bakanike a nan yana canza mani takalmin birki, rawar ba ta daina ba. Da na sa ido da kaina na ga faifan birkin ne na gaba ya ci, ya yi kwari-kwari har farce na maƙalewa. Na faɗa mashi, sai ya ce wai Alhaji ya tsaya kan mudu da tiya. A gaban mutane ya faɗa. Ni kuma a gaban mutanen na ce da hannuna zan canza faifan nan a tsakar gidana, kuma na sayo sababbi guda biyu.

Da ina bin yadda ake yi a waya, na kai rabi aka katse mana layukan waya, ku ma na ji an katse maku. Yanzu mota tana kan jak kwana huɗu, na kwance taya, na kwance kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da takalmin birki, amma tsohon faifan ya ce ba inda za shi. Na ja, na girgiza, na zage shi, yana nan. Komawa wurin wancan mutumin kuwa, gara in sayar da motar a kan jak ɗin.

Uwargidana Shafa'atu ce ta matsa. Ta ce, "Alhaji, ba ka ce ka taɓa zama wurin wani tsoho a Malumfashi ba?" Na ce zama dai na yi. Ta ce, "To rubuta mashi, takarda ba ta jin kunya." Shi ya sa na ba Buba direba, mai lodin Funtua zuwa Malumfashi, ya ce ya san gidanka.

Abu ɗaya nake tambaya, yadda ake cire shi. Sauran na iya. Lokaci ya matse ni, don Litinin mai zuwa zan fara kai mata masu karyar masara gona, su goma sha huɗu, kuma a bayan motar nan nake ɗaukarsu.

Ka huta lafiya.

Alhaji Maiwada Abubakar,
Dillalin Hatsi, Funtua.

*

Malumfashi,
Laraba, 22 ga Satumba.

Maiwada ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Takardarka ta iso. Dorkas ta sa na karanta mata sau biyu, ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana tsince kuɓewa daga miya. Na rufe gareji shekara biyar ke nan, gwiwa ta ƙi. Ido da kai suna nan.

Tsatsa ce ta riƙe faifan, ba taurin kai ba. Taurin kai yana wajen mai motar. Zuba ɗan kananzir inda faifan ya haɗu da cibiyar taya, ka je ka yi sallarka ka dawo. Sannan ka ɗauki guduma ka bubbuga tsakanin kusoshin taya, kana zagayawa. Kada ka taɓa kusoshin. Zai saki.

Ka ce sauran ka iya. Na ji. Duk da haka ga su, tsoho ba ya rasa surutu:

Kada ka bar kalifa tana reto a kan tiyon mai. Rataye ta da waya.
Kankare tsatsar cibiyar tas kafin sabon faifai ya zauna, in ba haka ba rawar sitiyari za ta dawo.
Sabon faifai yana zuwa da man kamfani a jikinsa. Wanke shi da fetur, gaba da baya.
Sa sabon takalmi, kada ka mai da tsoho.
Ɗaure notin taya tsallake-tsallake.
Kafin mota ta motsa, taka birki ka saki, taka ka saki, har ya yi tauri.

Na ƙarshe ka san shi, shi ne dokar garejina. Wanda ya taɓa birki, shi kaɗai zai fara hawa. Ya sami gangare ya je ya dawo sau uku, kafin ko kaza ta shiga motar.

Ka gai da uwargida, mace ce mai hankali. Ubangiji ya kiyaye.

Adam.

*

Funtua,
Asabar, 25 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Malam Adam,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Ka ce wa Mama yanzu har busasshiyar kuɓewa ina sha, aure ya gyara ni.

Faifai ya fita! Bugu na bakwai ya faɗo kamar ba shi ya wahalar da ni kwana shida ba. Da ma na yi tunanin guduma, ina tsoron kada in ɓata wani abu ne kawai. Na gode dai. Na rataye kalifa da waya, na kankare cibiya har tana ƙyalli, Shafa'atu tana riƙe mani da kwanon notuna tana cewa, "Yau ga Alhaji a ƙasa kamar ƙadangare." Na ce mata ƙadangaren nan shi ya gina gidan da take tsaye a ciki.

Sai dai a wuri ɗaya na ƙara nawa a kan naka. Ranar Alhamis na wanke sababbin faifan biyu da fetur kamar yadda ka ce, na jingine su a barandar ɗaki don ban samo sabon takalmi ba sai jiya. Aka yi ruwa da iska. Da safe na tarar duk sun yi ja, tsatsa ta hau sabon ƙarfe tun ban more shi ba. To ka san mu manoma, ba ma barin ƙarfe tsirara da damina. Garmar shanu, injin ban-ruwa, ƙyauren sito, duk baƙin mai muke shafa masu, shekara goma ba su san tsatsa ba. Na ce ai kamfanin ma da ya sa masu mai ba mahaukaci ba ne. Sai na goge tsatsar, na shafe su da baƙin mai gaba da baya, sannan na ɗaura da sabon takalmi. Yanzu suna juyawa sumul, ko ƙara babu. A gareji ba a san wannan ba, sai wanda ya yi noma.

Maganar dokarka. Malam, tun da ka tono ta bari in faɗi abin da ke raina. Ka tuna ranar da na gyara birkin motar wani mai auduga, mutumin yana sauri, iyalinsa sun riga sun shiga, yana ta yaba hannuna? Ka zo ka zare makulli, ka sauke su duka har da tsohuwa, ka miƙo mani ka ce, "Je ka gangaren bayan kasuwa kai kaɗai, hannun da ya ɗaure shi zai fara dogara da shi." Masu shayi suna dariya, ana cewa an ba yaro makullin kabarinsa. Na je na dawo sau uku, birki lafiya lau. Ko sannu ba ka ce mani ba. A makon na haɗa kayana na tafi, ba yaye ba sallama. Tun daga ranar duk wanda ya tambaye ni inda na koyi taɓa ƙarfe, sai in ce Allah ne ya ba ni.

Yanzu ni ba yaro ba ne, kuma na taka birki a tsakar gida ya yi tauri kamar dutse. Fetur ma wahalarsa ake, ba na yawon banza ba ne. Jibi da safe zan kwashi mata sai Maska, Shafa'atu za ta bi mu da abincinsu. In an gama karya zan aiko maka da sabuwar masara.

Ka huta lafiya.

Alhaji Maiwada Abubakar.

*

Malumfashi,
Lahadi, 26 ga Satumba.

Maiwada,

KADA KA ƊAUKI KOWA A MOTAR NAN.

Dawowarmu daga coci ke nan na tarar da takardarka. Faifan birki ba garma ba ne. Aikinsa ya ci takalmi, takalmi ya ci shi. Ka sa mai tsakaninsu, to me zai riƙe me? Taurin da ka ji a ƙafarka ƙarya ne, a tsaye kowane birki jarumi ne. Tsatsar da ka gani ba komai ba ce, in ka taka birki sau biyu za ta goge.

Kwance duka. Wanke faifan da fetur sau uku. Takalman nan sun sha mai, jefar da su.

Da gwiwa za ta hau mota da ni za ka gani ba takarda ba. Dorkas za ta kai wa Buba tasha yanzu, ta roƙe shi ya sa ta a hannunka yau ɗin nan. Maganar da ka tono za mu yi ta daga baya, in kana so ka zage ni ma na yarda. Yanzu dai ka ji wannan. Rai goma sha biyar ne, da naka sha shida.

Ubangiji ya sa ta riske ka.

Adam.

*

Funtua,
Laraba, 29 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Baba,

Baba, ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, ina gai da Mama. Kafin komai ka kwantar da hankalinka, kowa lafiya. Ba wanda ya ƙwarzane. Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi.

Takardarka ba ta zo Lahadi ba. Ba ta zo Litinin ba. Jiya Talata da hantsi Buba ya kawo ta, yana sosa ƙeya, wai an ɗauke shi shata zuwa biki ya manta da ita a aljihun mota. Na karanta a tsaye a ƙofar gida, sannan na zauna a kan dakali. Buba ya durƙusa yana ta ba ni haƙuri. Na ce mashi ya tashi, ni ba ni da bakin yi wa kowa faɗa a makon nan.

Bari in ba ka labari tiryan-tiryan.

Litinin da sassafe matan suka taru a ƙofar gida, kowace da buhunta da zanen goyo, uku da jarirai a baya. Shugabarsu Sa'adiya, wata dattijuwa mai baki, ita ta fara hawa ta zauna a kan tayar safaya kamar kujerarta ce. Shafa'atu ta shiga gaba da kular ɗanwake a cinya. Na zauna, na sa makulli. Wallahi Baba, na murɗa har injin ya tashi. Sai hannuna ya tsaya a kan giya. Ba wani abu na ji a motar ba. Muryarka na ji, da irin yadda kake faɗinta kana goge hannu da tsumma ba ka ko kallon mutum: kafin ko kaza ta shiga.

Haushi ya kama ni. Na ce a raina, shekara ashirin da huɗu tsohon nan bai bar ni na huta ba. To bari in je in dawo, don in rubuta mashi in ce na yi dokarsa kuma ba a ga komai ba. Ka ga, ba biyayya ta sa ni ba. So nake in ci ka da gardama.

Na kashe mota na ce kowa ya sauka.

Sa'adiya ta ce, "Alhaji lafiya? Ko kuɗin mota za mu biya yau?"

Na ce gwaji zan yi.

Ta ce, "Yo gwaji sai da rana ta fito? Masara ba ta jiran bakanike, balle bakaniken da muka san shi da mudu!"

Suka kwashe da dariya suna dirowa. Baba, irin dariyar masu shayin nan ce sak. Shafa'atu ta ce ita dai a bar ta, kular tana da nauyi. Na ce har ke. Ta dube ni, ta ga fuskata, ta sauka da kularta.

Bayan unguwarmu akwai hanyar burji da ke gangarawa zuwa rafi, da ƴar ƙaramar gada mara shinge. Nan muke bi kullum kafin mu hau hanyar Maska. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya na ɗan taɓa birki, na ji motar ta yi nauyin tsayawa, na ce sabon ƙarfe ne bai saba ba. Da na kama gangaren na taka sosai. Baba, birki yana nan da tauri a ƙafata, mota kuwa tafiyarta take kamar ban ce mata komai ba. Na miƙe tsaye a kansa da ƙafa biyu. Wari ya taso, hayaƙi yana fitowa ta tayun gaba. Ga gada tana matsowa, ga rafi cike da ruwan damina. Na ambaci sunan Allah, na cusa giya ta biyu, injin ya yi kuka, na cusa ta ɗaya, na ja birkin hannu da sannu-sannu kamar yadda ka taɓa nuna mani a tsohuwar motar nan mara ƙofa. Bayanta ya fara wutsil-wutsil. Da na ga ba za ta tsaya kafin gada ba, sai na karya sitiyari na afka gonar dawar wani bawan Allah. Kunya shida na tsallake kafin laka ta riƙe ta. Da na fito na auna da ƙafa, taku tara ne tsakanina da bakin rafi.

Wannan fa babu kowa a ciki. Motar wayam, ba nauyi. Na tsaya cikin dawa ina lissafa mata goma sha huɗu a tsaye a baya, ba abin riƙewa sai ƙarfen gefe, da jarirai uku, da uwar ƴaƴana a gaba. Ban san lokacin da na durƙusa cikin laka ba.

Mai gonar ya zo da fartanya a kafaɗa zai yi faɗa, ya ga babban mutum da hula a ƙasa yana hawaye, sai ya ce, "Alhaji, dawa ce fa kawai." Shi ya kawo shanun huɗarsa suka jawo ta. Haka na shigo unguwa, bijimai biyu a gaba, ni a baya ina riƙe da sitiyari, tabo har gwiwa. Matan suna zaune a gindin darbejiya suna jira. Ba wadda ta yi dariya. Sa'adiya ta tashi ta zagaya motar, ta ga karan dawa a maƙale, ta dubi jariran, ta ce, "Wa ya ce ka sauke mu?"

Baba, a gaban matan nan, da maƙwabta, da liman da ladan, na ce, "Maigidana ne. Wanda ya koya mani aiki, Baba Adam na Malumfashi." Shekara ashirin da huɗu ban taɓa haɗa kalmomin nan a bakina ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "To Allah ya yi wa Baba Adam albarka, ya ba shi abin da yake nema duniya da lahira." Duk suka amsa da amin. Ta ce in rubuta maka sunanta, ga shi na rubuta. Shafa'atu kuwa sai da muka shiga gida ta ajiye kular ta ce, "Ashe ba zama kawai ka yi ba."

A ranar ban san abin da ya jawo ba, har ina zargin masu sayar da faifan. Sai jiya da takardarka ta zo na ga baƙin man da nake taƙama da shi ne. Wai har ni ne nake koya maka abin da ba a sani ba a gareji! Ka ajiye waccan takardar tawa, duk ranar da ka ji na fara cika baki ka aiko mani da ita.

Jiya na kwance komai. Na wanke faifan sau uku har farin tsumma ya fito fari. Na jefar da takalman, na sa wasu. Yau da safe na je gangaren ni kaɗai, na je na dawo sau uku. Tana tsayawa cak inda na ce, sitiyari ko motsi. Matan sun yi kwana biyu suna tafiya a motar haya, gobe in Allah ya so zan kai su da kaina. Na kuma je na duba dawar mutumin nan, mun daidaita.

Saura maganar da ka ce za mu yi daga baya. Ba ni da zagi, Baba. Na ɗauka ranar nan wulaƙanta ni ka yi. Yanzu na gane tsohuwar da ka sauke daga motar mai auduga ita kake kallo, ba ni ba. Na ci tuwon gidanka shekara uku, na tafi ban ce na gode ba, na kuma bi duniya ina cewa ba wanda ya koya mani. Shagunan da gonar guminna ne, wannan ba zan fasa faɗa ba. Amma hannun da ya yi gumin, a garejinka aka gyara shi. Ka yafe mani. Ka roƙar mani Mama ita ma.

Ina so in zo, in ka ba ni izini. Ban san da wace fuska zan shigo ba, amma zan zo da ita haka nan.

Na gode, Baba. Na gode. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Yaron garejinka,
Maiwada.

*

Malumfashi,
Juma'a, 1 ga Oktoba.

Maiwada ɗana,

Mun gode wa Ubangiji. Kwana uku Dorkas ba ta ci abincin kirki ba sai da takardarka ta zo. Ka ce wa Sa'adiya amin, mun karɓa.

Ba abin yafewa. Ni ma da laifina. Ranar nan da ka tafi gangare na ce wa mai auduga, yaron nan zai fi ni. Shi na faɗa wa, ban faɗa maka ba. Bakina ya yi rowa.

Ka zo ranar Asabar ta sama, da uwargida. Akwai sifanar kwance noti mai lamba goma sha bakwai da na saya don yayenka, tana cikin akwati, kuma kada ka damu, na shafa mata baƙin mai. Ita an yarda.

Da motar za ka zo. Ka ce ka je ka dawo sau uku kai kaɗai. To gangaren bayan kasuwa yana nan inda ka bar shi. Ku ɗaga ni ku sa a gaba. Na huɗu da ni.

Babanka,
Adam.